Yadda za ka rubuta "ya" da "ta" ba tare da ka ɓatar da mai karatu ba

Karanta wannan da ƙarfi, kamar kana karanta wa wani: "Audu ya tarar da Musa a bakin kasuwa. Ya ba shi kuɗin, ya ce masa ya gaida babansa, sannan ya hau babur ɗinsa ya tafi." Wa ya ba wa kuɗi? Baban wa za a gayar? Wa ya tafi, kuma a kan babur ɗin wa? Aikina gyaran rubutun mutane ne, labaran da za a karanta a rediyo da gajerun labaran matasan marubuta, kuma babu matsalar da nake yawan cin karo da ita kamar wannan. Ba kuskuren nahawu ba ne, ko malamin Hausa ba zai sa masa jan biro ba. Amma mai sauraro ya ɓace tun a jimla ta biyu, shi kuwa marubucin ba zai lura ba, domin yana kallon Audu da Musa a ransa, ya san wanda ya miƙa hannu da wanda ya karɓa.

Gyaran ba ya zama sai ka san abin da ke faruwa a kan mai karatu lokacin da ya iso kan "ya".

A 2024 mujallar Science ta buga binciken da Doris Dijksterhuis ta yi tare da abokan aikinta na wata cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa da ke Amsterdam a ƙasar Holan. Sun yi aiki da masu fama da farfaɗiya, waɗanda likitoci suka riga suka sa wa siraran wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa don a gano inda ciwon yake tasowa. Wayoyin sun kai har sashen da ake kira hifokamfas, wanda ke da babban hannu wajen ajiye abin da mutum ya gani ko ya ji. A can akwai ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ba sa motsawa sai an nuna wa mutum hoton wani takamaiman wanda ya sani, ko an rubuta masa sunansa. Da aka gano irin waɗannan ƙwayoyi, sai aka ba marasa lafiyan jimla biyu su karanta, ta farko ɗauke da sunayen mutum biyu, ta biyu kuma da wakilin suna kawai, wato kalma irin "ya" ko "ta" da ke tsayawa a madadin suna. Ƙwayar da ta motsa a kan sunan mutum sai ta sake motsawa da aka zo kan wakilin sunansa, alhali ba a sake ambatonsa ba. Inda kuma mutanen biyu duk maza ne ko duk mata, ta yadda wakilin sunan zai iya komawa kan kowanne, sai aka ga masu karatun sun fi zaɓen wanda ƙwayarsa ta fi motsi tun a jimlar farko.

Wannan na ƙarshen shi nake so ka riƙe. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran ka gama bayani. Da zarar ta ji "ya" sai ta kira wani, kuma wanda ya fi kusa a rai shi take kira, ko shi kake nufi ko ba shi ba. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, nan ma akwai wahala. Tun 1999 Jos van Berkum da Colin Brown da Peter Hagoort a birnin Nijmegen suka sa wa mutane hula mai wayoyi da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, suka ba su labari mai yarinya ɗaya da wani mai 'yan mata biyu, sannan aka ce "yarinyar". A labarin mai 'yan mata biyu, cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na sakan na'urar ta nuna wani sauyi ta wajen goshi, kuma sauyin bai ɓace nan take ba. Wato mai karatu yana ci gaba da karanta kalmomin da ke gaba, amma rabin hankalinsa yana can baya yana neman yarinyar da ake nufi.

Ni yadda nake kwatanta wa matasa shi ne, gaban hankalin mai karatu kamar bencin mai shayi yake. Mutum uku ko huɗu yake ɗauka, ɗaya yana kusa da tebur, idan sabo ya zo sai wani ya matsa, wanda ya daɗe ba a kula shi ba kuma ya tashi ya tafi. Kafin ka rubuta kowane "ya", tambayi kanka wa ke kusa da tebur yanzu.

Galibi wanda aka fara ambata ne, wanda kuma ya yi aikin a jimlar da ta gabata. A misalinmu Audu ne. Muddin Audu ne ke ci gaba da aiki, bar shi a "ya", kada ka sake kiran sunansa. Wasu da na nuna wa matsalar ruɗani sai su koma ɗaya gefen, su cika shafi da suna: "Audu ya tashi da asuba. Audu ya yi alwala. Audu ya nufi masallaci." Ko kunne ba ya son wannan, kuma an auna abin. A 1993 Peter Gordon da Barbara Grosz da Laura Gilliom sun gano cewa idan mutum shi ne kan magana, sai aka maimaita sunansa a farkon jimla ta gaba maimakon wakilin suna, mai karatu yakan ɗan yi jinkiri. Dalilin a ganina a fili yake. Cikakken suna sanarwa ce cewa wani ya iso, ko magana ta juya. Idan ka yi sanarwar alhali ba abin da ya canja, ka sa mutum ya waiwaya a banza.

Inda suna yake da aiki shi ne inda ragama ta bar hannun wani ta koma hannun wani. A nan Hausa ta ba mu kayan aiki masu kyau ƙwarai, sai dai da yawa daga cikinmu muna amfani da su a baki, idan mun ɗauki biro sai mu ajiye su. Saurari tsohuwa tana ba da labarin rigimar gado. Ba za ta taɓa cewa "ya ce, ya ce, ya ce" a jere ba. Za ka ji "shi kuwa Musa", "sai shi Audun ya ce", "ita kuma matar", "ita Binta ɗin". Dubi yadda "shi Audun" yake aiki: ya kira suna, amma "shi" da ke gabansa da "n" da ke bayansa suna gaya maka ba sabon mutum ba ne, wanda ka sani ne ya dawo. "Kuwa" da "kuma" su kuma suna nuna an juya daga wani zuwa wani. Waɗannan ba maganar kasuwa ba ce da za a tsabtace daga rubutu. Na sha ganin marubuci ya goge su wai don rubutun ya yi kama da na boko, sai labarin ya rasa alƙibla. Ka mayar da su.

Sai kuma aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin da aka yi, domin shi ma yana jan wakilin suna zuwa gefe guda tun kafin jimla ta ƙare. Catherine Garvey da Alfonso Caramazza ne suka fito da wannan a 1974, da jimlolin Turanci, amma gwada da Hausa ka gani. Ce wa wani ya ƙarasa maka wannan: "Ladi ta ba Binta haƙuri saboda ta…" Zai ce ta zage ta, ko ta makara, wato Ladi ce mai laifi. Yanzu canja: "Ladi ta yi wa Binta faɗa saboda ta…" Nan take "ta" ta koma kan Binta. Sunayen ba su motsa ba, aikatau kawai aka canja. Idan abin da kake nufi ya bi inda aikatau ya ja, bar wakilin suna. Idan ya saɓa, dole ka kira suna. "Ladi ta yi wa Binta faɗa saboda ta tashi da ciwon kai" zai sa mai karatu ya yi mamakin yadda ake yi wa mara lafiya faɗa, kafin ya gane Ladi ce kanta ke ciwo. Rubuta "saboda ita Ladin ta tashi da ciwon kai", shi ke nan.

Wani lokaci sanin duniya ne yake raba gardama. "Direban ya ƙi ɗaukar fasinjan saboda ba shi da kuɗi." "Direban ya ƙi ɗaukar fasinjan saboda ba shi da mai." Kalma ɗaya ta ƙarshe ce ta mayar da "shi" daga fasinja zuwa direba. Irin wannan gajeriyar jimla ba na taɓa ta, domin amsar tana zuwa da wuri. Amma idan sai an yi kalma goma ko sha biyar kafin a iso kalmar da za ta raba, to mai karatu ya riga ya yi zaɓinsa, kuma sauke zaɓin da aka riga aka ɗauka ya fi wuya a kan jira.

Akwai abin da ya shafe mu mu masu Hausa musamman. A wurinmu komai ko "shi" ne ko "ita", har tukunya da gari da ranar mako. Don haka ba mutane kaɗai ke takarar "ta" ba. "Mairo ta sauko da tukunyar daga mota, sai ta faɗi." Mairo ce a ƙasa, ko tukunya? Idan kana ƙirga masu takara, haɗa da kayan da ka ambata. A labaran rediyo abin ya fi tsanani, saboda gwamnati da majalisa da hukuma da kotu da jam'iyya da ƙungiya duk "ta" ne. "Majalisar ta gayyaci hukumar, amma ta ce ba ta samu takardar ba." Dabarar da nake yi a nan ita ce in nemi ɗan Adam ɗin da ya yi maganar. Idan shugaban hukumar namiji ne kuma shi ya faɗa, sai in rubuta "shugaban hukumar ya ce bai samu takardar ba", daga nan "ya" da "ta" su raba mini aiki har ƙarshen labari. Amma sai in da gaske shi ya faɗa. Idan sanarwa ce kawai aka fitar, ba na ƙirƙiro mata baki, sai in maimaita "hukumar ta ce".

"Su" ya fi kowanne haɗari, domin jam'i ba ya bambanta mace da namiji, kowane taro "su" ne. Dubi wannan: "Jami'an tsaro sun kama matasan bayan sun harbe mutum biyu." Wa ya yi harbin? Jimla irin wannan idan ta fita a iska, rabin gari zai ji abu ɗaya, rabi ya ji wani, kuma magana ce ta rai da ta mutuncin mutane. Ba na barin ta ta wuce teburina ko da saura minti biyu a shiga labarai. A raba ta biyu, a kira wanda ake zargi da sunansa na taro, a faɗi wanda ya yi zargin.

Yanzu maimaita suna. Ƙa'idata a nan mai tsauri ce: mutum ɗaya, suna ɗaya. Mun aro wata al'ada daga jaridun Turanci ta sauya wa mutum laƙabi a kowace jimla don gudun maimaici. "Gwamnan ya isa garin da safe. Tsohon sanatan ya ce za a gyara hanyar. Ɗan siyasar mai shekara 60 ya ƙara da cewa…" Wanda ya san tarihin mutumin zai bi. Manomin da ke sauraro a gona da 'yar rediyonsa rataye a reshe kuwa ya ƙirga mutum uku. Kowane sabon laƙabi yana tilasta wa ƙwaƙwalwa ta tsaya ta yanke hukunci, sabon mutum ne ko na ɗazu. Idan kana so a san ya taɓa zama sanata, faɗa sau ɗaya a manne da sunan da aka san shi da shi, "gwamnan, wanda tsohon sanata ne", sannan ka koma "ya". A ƙagaggen labari ma haka ne. Idan ka fara da Hajiya Asabe, kada ta zama "uwargidan" a shafi na biyu, "Maman Sani" a na uku, "'yar kasuwar" a na huɗu, sai dai a bakin mutanen cikin labarin, inda kowa ke kiranta gwargwadon matsayinsa a wurinta, kuma ka riga ka nuna mana alaƙar.

Idan dole ka sauya kalma, tafi daga ƙarami zuwa babba. "Wata tirela ta ƙwace a kan hanyar Zariya. Motar tana ɗauke da siminti." Wannan yana tafiya sumul, domin kowace tirela mota ce. Juya shi: "Wata mota ta ƙwace a kan hanyar Zariya. Tirelar tana ɗauke da siminti." Mai sauraro ya riga ya hango ƙaramar mota, yanzu sai ya tambaya ko karo aka yi tsakanin mota biyu.

Ka kuma lura da "wani" da "wata". Su ne ke buɗe wa sabon mutum ƙofa, "n" da "r" da "ɗin" na ƙarshen kalma kuma su ce wanda ke ciki ne. "Wani mutum ya shigo… mutumin ya zauna." Idan ka sake cewa "wani mutum", ka ƙara mutum a ɗakin. Idan ka fara da "mutumin" ba ka taɓa kawo shi ba, ka tura mai karatu neman wanda babu. Akwai inda aka yarda da hakan. "Mun je ɗaurin aure. Angon bai zo ba." Ba a ambaci ango ba, amma ɗaurin aure yana tafe da angonsa. Susan Haviland da Herbert Clark sun nuna a 1974 cewa mai karatu yana iya haɗa irin wannan gada da kansa, sai dai tana cin ɗan ƙarin lokaci fiye da inda aka riga aka ambaci abin. Don haka ka yi ta inda alaƙar a bayyane take ga wanda kake rubuta wa. Ɗaurin aure da ango kowa ya sani. Zaman kotu da "mai gabatar da ƙarar" ba kowa ba.

Wurin da "ya" yake yawan taruwa ya yi cunkoso shi ne maganar da aka ruwaito. "Ya ce masa ya gaya masa cewa ba zai zo ba." Mutum uku, wakilin suna biyar. Magani mafi sauƙi shi ne ka bar mutum ya yi magana da bakinsa: Audu ya ce, "Musa, gaya wa Baba ba zan zo ba." Da zarar "ni" da "kai" sun shigo, ruɗani ya kau.

Na san daga inda wannan ɗabi'a ta barin suna take fito mana, kuma ba abin kunya ba ce, kunyar ce ma kanta. Mace a gidan aurenta za ta ce "Ya dawo?" ko "Shi ya ce a ajiye", kowa a gidan ya san maigida take nufi, domin ba za ta kama sunansa ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma ba wanda ke ruɗewa. Yana yiwuwa ne saboda duk mutanen gidan mutum ɗaya ne a gaban hankalinsu. Mai karanta rubutunka ba ɗan gidan ba ne. Bai ga fuskarka ba, bai ga inda ka nuna da haɓa ba, abin da ke kan takarda kawai yake da shi.

Nisa ma yana da nasa. A 1980 Meredyth Daneman da Patricia Carpenter sun nuna cewa masu karatu sun bambanta wajen yawan abin da suke iya riƙewa a lokaci guda, kuma waɗanda nasu riƙon bai da yawa sukan kasa gano mai wakilin suna idan an bar sunan jimloli da dama a baya. Ni nakan rubuta don wannan mai karatun, ba don wanda ya fi kowa riƙo ba. Sabon sakin layi, sabon wuri, ko an tsallake lokaci, sai in sake kiran suna ko da mutum ɗaya ne a fage. A rediyo nakan ƙara yawan kiran, tunda mai sauraro ba shi da damar komawa layin sama. Idan kuma kana da tsoho a gida da mantuwa ta kama, wannan ya shafe ka kai tsaye. Amit Almor da abokan aikinsa sun gano a 1999 cewa masu cutar Alzheimer sun fi bin magana idan an maimaita cikakken suna a kan a yi ta wakilin suna, saɓanin masu lafiya. Don haka da Kaka, ajiye waccan ƙa'ida ta gudun maimaici. Ce mata, "Binta ta zo. Binta ce ta kawo miki fura."

Idan ka gama rubutu, ga yadda ake dubawa. Buga shi a takarda in da hali, ka ɗauki biro. Zagaye kowane "ya" da "ta" da "suka" da "shi" da "masa", har da "nsa" da "rta" da ke manne a ƙarshen kalma, domin su aka fi mantawa. Daga kowane zagaye ja layi zuwa sunan da yake nufi. Duk layin da ya tsallake wani suna mai jinsi ɗaya da shi, tsaya a nan ka duba. Ba duka ne ke buƙatar gyara ba, wani aikatau ya riga ya raba, wani sanin duniya ya raba. Sauran kuwa, ko ka sa "shi Audun", ko ka juya jimlar wanda kake nufi ya zo farko, ko ka mayar da ita magana daga baki. Bayan nan nemi wanda bai san labarin ba, ƙanenka ko maƙwabciya, ka karanta masa da ƙarfi. Kana isowa kan wakilin sunan da kake shakka, dakata ka ce, "Wa?" Kada ka ba shi lokacin tunani, amsar farko kake so, domin ita ce wadda ƙwaƙwalwarsa ta kira. Idan ya ce "Musa" alhali Audu kake nufi, kada ka yi masa bayani. Gyara takardar, ka nemi wani daban ka sake karantawa, tunda shi na farkon yanzu ya san amsa.